Mutum Bakwai a Hoton 'Yan Jiniya

Ku samarin da kuke zuwa ku tsaya min a bakin rumfa, gani kuke sana'ar tsofaffin littattafai zaman inuwa ce kawai. Ran nan wani cikinku ya ɗaga wata mujallar ƙwallo da yatsa biyu kamar ya tsinto mushen ɓera, ya ce, “Baba, ai wannan aikin ko ni zan iya. Ka shimfiɗa takardu, ka ɗora dutse, ka jira mai saye.” Na ce ya ajiye min mujallata kafin ya ɓalle mata bango. Dutsen kawai ya gani. Inda na je na samo abin da dutsen ya danne, wannan bai dame shi ba.

A Bompai na koyi sana'ar, wurin Malam Ila, Allah ya jiƙansa. Rumfarsa tana bakin titi, daura da ƙofar wani kamfanin alewa. Aikin farko da ya ba ni ba ciniki ba ne. Wani buhun littattafai ne ya sayo a hannun kukun wani Bature da ya gama aiki ya koma ƙasarsu. Ya zazzage su a tabarma ya ce in shinshina kowanne. Na ɗauka wasa yake, na yi dariya, shi bai yi ba. Littafin da danshi ya taɓa yana da warinsa, wanda gara ta shiga yana da nasa, wanda ya kwana kusa da kananzir ma ba ya ɓuya. In ka haɗa mai gara guda ɗaya da masu lafiya a kwali, kafin damina ta fita ka yi wa gara walima. Sai da na yi watanni ina cusa hanci cikin takarda kafin ya yarda in riƙe allura.

Kayan aikinsa ba su da yawa, kuma su nake amfani da su har yau. Basilla da zaren da aka goga wa kakin zuma, ƙaro jiƙaƙƙe a gwangwanin madara, reza, tsohon buroshin haƙori na share ƙura daga tsakanin shafuka, kafur, sai dutsen guga na gawayi da ake ɗan ɗumama shi a miƙe takardar da ta lanƙwashe, ta kan tsumma. Abin da ya fi tsana a duniya shi ne salatif. Wata rana wani malamin firamare ya kawo littafin dokokin ƙwallo da ya bi duk yagewarsa da salatif, yana murna ya yi gyara. Malam Ila ya dube shi ya ce, “Malam, me littafin nan ya yi muku?” Salatif yana cin takarda a hankali, ya bar mata jan tabon da ba ya fita. Ku kuwa yanzu da shi kuke manna komai, har takardar shaidar makaranta.

Ma'aikatan kamfani ba sa sayen littattafan labari. Su sayi na jarrabawa saboda yara, su sayi na ƙwallo saboda kansu. Ta haka na faɗa cikin harkar littattafan wasanni. Mujallun waje suna fitowa daga gidajen Turawa da Kwarori da Indiyawa masu masana'antu, ta hannun kuku ko gadina ko direba. Waɗannan ba su ne masu wuya ba. Mai wuya shi ne ɗan littafin da aka buga a nan Kano. A wancan lokacin kusan kowace masana'anta tana da kulob, masaƙu da majemu da kamfanonin robobi, ana gasa tsakaninsu, bayan wasan ƙarshe a buga ɗan littafi mai hotuna a raba wa ma'aikata kyauta. Da yake kyauta ne, wani ya yi fifita da shi, wani ya shimfiɗa ya zauna a kai, wani ya kai wa yara su yaga. Littafin da aka bugo daga ƙetare, in ka yi haƙuri za ka gan shi a wani gidan. Na Sharada kuwa sai ka yi yawon Kano duka.

Shekarar da ta fi ba ni wahala ita ce shekarar da masaƙu suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Lokacin na bar Malam Ila na kafa tawa rumfar a Sharada. Ana rufe kamfani sai a kira 'yan gwangwan su kwashe ofis. Su kuwa takarda a wurinsu nauyi ce kawai, su ɗora a sikeli su sayar wa masu ƙosai da masu tsire. Na sha bin motarsu a kan keke ina roƙon su tsaya in duba kwali ɗaya. A daminar shekarar kuma kwatar bayan sitona ta toshe, ruwan sama ya haɗu da ruwan rini na wani kamfani ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa. Da safe na buɗe na tarar da kayan da na tara shekara da shekaru sun zama shuɗin tuwo. Na shanya abin da ya shanyu a kan kwano, sauran na kwashe da shebur. Masu sayen ma sun watse, wasu sun koma ƙauyukansu a Jigawa, wasu Nijar, wasu sun hau acaɓa. Wanda ke cewa sana'ar zaman inuwa ce, da ya zo ya kama min shebur a ranar.

Aikin da nake son in ba ku labarinsa ya zo ne shekaru da yawa bayan wannan. Wata mata ta tsaya da mota a bakin rumfa, da fararen kayan asibiti a ƙarƙashin hijabinta. Ta gaishe ni ta ce sunanta Hajiya Binta, ma'aikaciyar jinya ce.

“Baba, an ce ku ne kuke samo littattafan gasar kamfanoni.”

Na ce, “In Allah ya sa sun tsira daga gara da masu ƙosai.”

Ta ce mahaifinta, Baba Audu, shi ne golan wata masaƙa ta nan Sharada, kulob ɗin da ake yi wa laƙabi da 'Yan Jiniya. Masaƙar ta daɗe da rufewa. To samarin unguwarsu sun kafa sabon kulob, sun ɗauki tsohon sunan, sun buga riguna da hoton fitilar nan mai juyawa ta kan motar 'yan sanda a ƙirji. A cewarsu an sa wa tsofaffin sunan ne saboda gudu, wai in sun ɗauko ƙwallo sai a dare musu kamar ayarin gwamna. Ɗanta Nura yana cikinsu. Baba Audu kuwa ɓarin jikinsa ya shanye, magana ba ta fita sai kalma ɗaya-ɗaya. Ranar da Nura ya shiga ɗakinsa da rigar, tsohon ya damƙi wuyan rigar da hannunsa mai lafiya yana ja yana gurnani, har sai da aka ɓamɓare yatsunsa. Tun daga ranar in yaron ya shigo sai ya juya fuska bango, ko abinci ba ya karɓa daga hannunsa.

Ta ce, “Ban san abin da ke cikin sunan nan ba. An haife ni bayan ya daina wasa, mahaifiyarmu kuma ta rasu. Na dai san akwai wani ɗan littafi da hotonsu a ciki, na shekarar da suka ci kofi. Ya ɓace a wajen tashi daga gidan haya.”

Ni ma ban sani ba. A Bompai na tashi, kulob ɗin can na bi. Na fara da tambayar tsofaffin masu zuwa rumfata, a nan kuwa na ga ta kaina. Wani ya rantse min wani ɗan wasan gefe ne ake ce wa Jiniya, sunan ya bi kulob. Wani ya ce ƙarya ne, wani mai goyon bayansu ne ke zuwa fili da jiniyar hannu. Na uku ya ce shi a gabansa aka raɗa sunan, da na tambayi shekarunsa na ga lokacin ko yaye shi ba a yi ba. Duk abin da ya shafi ƙwallo, ba ka taɓa samun mutumin da zai ce maka bai sani ba.

Na koma neman littafin. Na je maɗaba'ar da ke buga irinsu, na tarar an mayar da wurin shagon sayar da tayoyi. Wani mutum a Nassarawa ya aiko cewa yana da shi, na tuƙa keke cikin rana na je, ya zaunar da ni ya ba ni tarihin rayuwarsa tun daga makarantar elementare, sannan ya fito da littafin gasar langa ta makarantu. Na sha ruwansa na tashi. A ƙarshe wani tsohon alƙalin wasa ya ce in nemi gidan sakataren gasar a Na'ibawa, shi ba ya yar da takarda. Na samu gidan, na tarar mutumin ya rasu bayan sallar layya. Babban ɗansa ya fito yana latsa waya.

“Ai Baba kun makara. Takardun sun cika ɗaki, mun ba wa Inna mai ƙosai ta bakin layi.”

“Duka?”

“Duka. Ai shirgi ne.”

Na juya na nufi bakin layi, don abin da ke bakina ba na faɗa a gidan makoki ba ne.

Inna mai ƙosai tana zaune gaban kaskonta, ga buhun takardu a gefenta, tana zarowa tana yagewa tana naɗe wa mutane. Na gaishe ta na ce ina so in duba buhun. Ta dube ni sama da ƙasa.

“Ƙosai za ka saya ko bincike aka turo ka?”

Na yi mata bayani. Ta ce ita ba ruwanta da ƙwallo, takardarta ce, kuma ba za ta tsayar da ciniki don wani tsoho ya yi karatu ba. Muka daidaita a kan zan kawo mata tsofaffin jaridu daga rumfata, masu faɗi, waɗanda suka fi daɗin naɗi. Na tsuguna a gefen murhu ina zaro takarda ɗaya bayan ɗaya, hayaƙi na shiga idona, ita kuma duk wanda ya zo sai ta ce, “Ku yi a hankali kar ku taka malamin jami'a.” Ina cikin haka na ga ta miƙa hannu ƙarƙashin cinyarta ta zaro wani ɗan littafi mara bango, ta kama shafi za ta yage. Na hango tambarin masaƙa a saman shafin. Ban san lokacin da na riƙe mata hannu ba. Ta ɗaga matsamin ƙosai za ta maka min, na sake ta ina ba ta haƙuri. Tun safe ashe da shi take naɗi, ta faro daga baya, ta cinye jadawalin wasanni duka. Da na ƙara tsayawa shan ruwa a gidan mutumin Nassarawa, da hoton ya tafi da ƙosan wani.

Gyaransa ya ɗauke ni kwanaki. Mai ya ratsa shi ta gefe guda. Na daka alli na barbaɗa tsakanin shafuka, na rufa tsumma na bi da dutsen guga mai ɗumi, alli ya tsotse mai, in kakkaɓe in sake. Na cire tsatsattsun ƙusoshin tsakiya na ɗinke da zare, na yi masa bango da kwalin sabulu. Sannan na zauna na karanta abin da ya rage. Jawabin manaja shafi huɗu, bai yi ko ƙwarzane ba. Sunan masaƙar yana ko'ina, amma kalmar Jiniya ko sau ɗaya ba ta fito ba. Haka littattafan nan suke, sunan da ke kan takardar kamfani suke bugawa, wanda mutane ke ihu da shi a bakin fili ba ya shiga. Sai hoton tsakiya. Ga kofi, ga gola a tsugune da hannu ɗaure da tsumma, amma da na ƙirga sai na ga mutum bakwai. Na duba ko an yanke hoton ne, ba a yanke ba. Sunaye bakwai ne ma a ƙasansa.

Na kai wa Hajiya Binta a gida, ta shigar da ni wurin mahaifinta. Ta buɗe masa hoton a kan ƙirji. Ya daɗe yana kallo. Ya ɗora yatsa a kan fuskarsa, ya bi sauran ɗaya bayan ɗaya, da ya kai na bakwai bai tsaya ba, ya ci gaba da dangwala farar takardar gefe har sau huɗu. Sai ya tattara leɓe ya fitar da wata ƙara, wuuu, tana hawa tana sauka. Ya yi ta fama da harshensa har ya samu kalma biyu: “Mamman. Maraɗi.”

Neman mutum ya fi neman littafi sauƙi, don shi mutum yana shan shayi. Na bi masu shayin ƙofofin kamfanoni ina tambayar wani tsoho ɗan Maraɗi da ya taɓa aikin masaƙa. Aka ce in duba Challawa. Na same shi yana gadi a ƙofar wata majema, dogon tsoho siriri, da carbi a wuya. Da na ambaci Audu gola sai ya miƙe tsaye. Ya ɗauka Audu ya mutu tuntuni. Ranar hutunsa na kai shi gidan. Hajiya Binta ta sa Nura ya tara abokansa, suka cika tsakar gida, aka fito da Baba Audu aka jingina shi da filo. Tsofaffin biyu suka riƙe hannun juna. Daga nan Malam Mamman ya dubi rigar Nura ya ce, “Ɗana, wannan fitilar ta mece ce?”

Nura ya ce, “Jiniya ce, Baba. Saboda gudunku.”

“Gudu dai mun yi. Amma ba da ƙwallo ba.”

Ya ce jiniyar masaƙa ce, wadda ake busawa in za a canji aiki. Su sha ɗaya ne cif a kulob, ba 'yan benci, huɗu daga cikinsu kuma 'yan aikin yamma ne. Filinsu yana bayan katangar masaƙa. In wasa ya ja har jiniya ta busa, dole huɗun nan su bar ƙwallo su ruga, don heluma, mai kula da leburori, yana tsaye a ƙofa, wanda ya makara an kore shi ke nan. Abokan karawa suka gane haka. Sai su yi ta buga ƙwallo cikin kwata, su yi ta kwanciya a ƙasa, 'yan kallonsu suna ihu, “Jiniya! Jiniya!” Zagi ne, ba yabo ba.

Ranar wasan ƙarshe an shirya a gama da wuri, sai babban baƙo ya makara, aka zauna jiransa. Manaja ya ce kar su damu, ya ba su izini, amma bai gaya wa heluma ba. Mamman ya jefa ƙwallo ɗaya kafin hutun rabin lokaci. An dawo ba a jima ba jiniya ta busa. Suka leƙa suka hango heluma a ƙofa yana duba agogo.

“Ina da uwa da ƙanne a Maraɗi suna jiran abin da zan aika. Na dubi Audu, ya ce, ‘Tafi, Mamman, ni na riƙe.’ Muka ruga mu huɗu, filin duka yana mana dariya.”

Alƙalin wasa ya ƙirga ya ga bakwai, ya ce doka ta yarda, a ci gaba. Sauran abin da ya faru Mamman bai gani ba, labari aka ba shi. Su bakwai suka koma gaban raga suka tsaya. Aka yi ta ruwan ƙwallo a kan Audu har yatsansa ya karye, ya ɗaure da tsumman da ake goge takalmi ya ci gaba. Shi kuwa Mamman yana gaban injinan saƙa da takalmin ƙwallo a ƙafarsa, ƙarar inji ba ta barin ka ji ko tsawa. Can wajen magariba mai shara ya leƙo ta ƙofa ya ɗaga hannu biyu sama kamar mai ɗauke da kofi.

“Na gyaɗa masa kai, na ci gaba da ɗaura zaren da ya tsinke. Washegari da muka shigo, ma'aikata duka suna ihun Jiniya, amma wannan karon mu suke yi wa. Daga ranar muka riƙe sunan.”

Wani cikin samarin ya ce, “To Baba, me ya hana ku ƙi tafiya kawai?”

Malam Mamman ya dube shi, ya dubi sabon takalmin da ke ƙafar yaron, ya kau da kai. Nura ya tashi ya shiga ɗaki, ya dawo da wata rigar a jikinsa, ya ɗauko kwanon kunun kakansa ya durƙusa. Tsohon ya harare shi na ɗan lokaci, sannan ya buɗe baki. Daga baya sun canja tambarin rigunan. Mai zanen bai taɓa ganin jiniyar masaƙa ba, abin da ya zana ya fi kama da lasifikar masallaci. Na faɗa musu, suka ce ai duk ɗaya ne. Na ƙyale su, na gaji.

A ranar dai, da muka fito ƙofar gida, Malam Mamman ya riƙo hannun rigata.

“Malam, littafin nan na Audu ne, ban ce a ba ni ba. Amma kafin a fara wasan akwai wani mai hoto da ya jera mu mu sha ɗaya ya ɗauka, ya ce na jarida ne. Ina tsaye ta gefen hagu, lokacin da gashi a kaina. Jikokina sun san ni da gadi ne kawai.”

Na ce, “Wace jarida?”

“Ban sani ba. Ban iya karatun boko ba a lokacin.”

“An sa sunaye?”

“Ko ba a sa ba, ni zan gane kaina.”

Na ce masa zan duba. Shekara ta zagayo, ban samu ba tukuna. Duk Juma'a in ya tashi daga aiki yakan biyo ta gaban rumfata a kan kekensa. Ba ya sauka, sai dai ya rage gudu ya dube ni. In girgiza kai, ya ɗaga hannu ya wuce.